Ƙusa ta Biyu

A falon gidanmu, a bangon da ke kallon ƙofa, akwai ƙusoshi huɗu a jere. Baba ne ya kafa su da hannunsa a satin da aka haifi Autanmu, har da jan zare don kada wata ta ɗara wata. Mu huɗu ya haifa, kowa da tasa: ta farko ta Babban Yaya, ta biyu ta mai bi masa, ta uku tawa, ta huɗu ta Auta. Ya ce duk wanda ya kawo takardar digiri a nan za a rataye ta, baƙo ya fara ganinta kafin ya ga mai gidan.

Baba akawu ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofis ɗaya, a kan tebur ɗaya. Shi ke koya wa sababbin ma'aikata yadda ake buɗe fayil da yadda ake tsara wasiƙa, bayan shekara biyu kuma a ɗora su a kansa, saboda suna da digiri shi ba shi da shi. Yaran da ya nuna wa inda banɗaki yake, su ne daga baya suke aiken sa. Ba don in wanke shi na faɗi wannan ba, sai don ku san inda dafin ya samo asali.

Labarin mai ƙusa ta biyu zan ba ku, yayana da ya girme ni da shekara uku.

Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Agogon bango, rediyon Baba, keken ɗinkin Mama, babu wanda bai warware ba. Duka kam ya sha shi har ya gode Allah. Abin haushin kuma, in ya mayar da abu sai ya fi da aiki. Keken ɗinkin nan ya yi shekaru yana tsallake zare, Mama tana tsine masa kullum, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya kwance shi a tsakar ɗaki, ya sha mari biyu, ya haɗa, keke bai sake tsallake zare ba. Karatu ma ba baya ba, a lissafi ya fi mu duka, har Babban Yaya da ake ji da shi. Ranar da jami'a ta ba shi gurbi, da idona na ga Baba ya ɗauko tsumma yana goge ƙusa ta biyu.

Shekara ɗaya ya yi a jami'ar. Da hutu ya samu aikin wucin gadi a wani kamfani da ke yin murafun kwalaben magani, yana kwashe kwalaye. A can ya leƙa wani ɗaki a bayan kamfanin, ya ga abin da ya gani, shi ke nan aka rasa shi. Da hutu ya ƙare ya zo ya durƙusa gaban Baba ya ce ba zai koma ba.

"Na ga aikin da nake so, Baba."

"Wane aiki?"

"Ƙera mazubi. Ƙarfe ne ake fere shi, a fitar da siffar abu a cikinsa, sai a tura narkakkiyar roba ta fito murfi. Za su koya mini shekara huɗu."

Baba ya naɗe jaridarsa a hankali. "Murfi," ya ce. "Murfin kwalba."

"Ba murfin ba, Baba. Abin da ke haifar murfin."

"To, lebura ke nan."

Mun zaci duka za a yi, har Mama ta fito daga kicin ta tsaya kusa don ta raba. Baba ko yatsa bai ɗaga ba. Ya nuna bango da haɓa ya ce, "Ƙusarka tana nan. Ba zan cire ta ba, ba kuma zan rataya mata ko hula ba. Kullum ka shigo gidan nan ka gan ta."

Haka kuwa aka yi. Takardar Babban Yaya ta hau, lauya. Bayan wasu shekaru tawa ta hau, malamar makaranta. Tsakanin firam biyu sai ƙusa tsirara, kai ka ce giɓin haƙori. Wata rana muna cin abinci, ni da bakina da ba ya gajiya na ce, "Auta, miƙa wa Ƙusa ruwa." Sai Baba ya fashe da dariya har da tari, har Mama tana bubbuga masa baya. Sunan ya zauna daram. A satin nan ni ce 'yar gaban goshin Baba, kuma wallahi na ji daɗin abin.

Sunan ya zo wa Baba da wani amfani da ni kaina ban hango ba. Kun san in aka ce wane ƙusa ne a wuri kaza, ana nufin babba ne, mai faɗa a ji. To baƙo zai shigo, ya karanta takardun bango, ya ga giɓin, ya ce, "Na biyun fa, Malam?" Sai Baba ya gyara zama ya ce, "Ai shi ƙusa ne a kamfaninsu." Baƙo ya ce, "Kai, ma sha Allah, shi ya ma wuce nan!" Baba bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba, mu kuma mu ruga kicin muna toshe baki. In kuwa yayan nawa yana gidan, kafin baƙo ya gama cire takalmi Baba ya aike shi duba wani abu a baya, don kada a gaisa a ji kaushin hannunsa.

Sau ɗaya na taɓa zuwa wurin aikinsa, karɓar makulli. Na tafi da tsammanin hayaƙi da datti da ƙarti ba riga. Sai na tarar da ɗaki mai sanyi, an share shi tas, an ja layuka da fenti a ƙasa, injina shida kowanne da ƙofar gilashi. Yana tsaye gaban ɗaya da tabarau, ƙarfe yana juyawa a ciki, wuƙa tana fere shi, ruwa fari yana zuba a kai. Da ya tsayar da injin sai ya ɗauko wani ɗan ma'auni mai kama da awartaki, ya auna, ya girgiza kai.

"Ya wuce da rabin gashi," ya ce wa wani ma'aikaci da ke kusa da shi.

Da gashi suke magana a wurin. Kaurin silin gashin mutum, shi ne ma'aunin bakinsu: gashi ɗaya, rabin gashi, kwatan gashi. Na ce, "Haba, rabin gashi kuma wa zai gani?" Ya ce, "Malama, in murfi ya saki da rabin gashi iska ta shiga, magani ya lalace, wanda ya sha ba zai taɓa sanin dalili ba." Malama yake ce mini, bai taɓa rama sunan da na sa masa ba. Ina nan tsaye wani injiniya mai taye ya shigo da zane a hannu, ya tsaya gefe yana jira, sai da yayana ya gama ya duba zanen ya ce masa wannan lungun wuƙa ba za ta kai ba, a sake. Injiniyan ya ce, "To, Malam," ya juya.

Na dawo gida Baba ya ce, "Ya kika ga wurin?"

Na ce, "Warin mai kamar ya kashe ni."

Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko kalma ba.

Aikin ya bar masa wata cuta: ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Kalanda a bangon asibiti, allon suna a ƙofar makaranta, hoton wani a gidan wani, sai ya miƙa hannu ya daidaita kafin ya iya zama. Mun sha tsokanarsa, mu karkata labule da gangan mu ga minti nawa zai daure. Bai taɓa kai biyar ba. A gidanmu kuwa duk abin da ya lalace nasa ne: famfo, fanka, ƙyauren banɗaki, ɗan noti na tabarau ɗin Baba. Baba ba ya kiransa a waya sai abu ya ɓaci. Shi kuma, mutum mai shekara arba'in da furfura a gemu, da ya ga kiran sai ya ajiye komai ya taho da akwatin kayan aiki yana murmushi, wai Baba ya neme shi.

Ya yi aure, ya haifi 'yan mata biyu, ya gina gidansa mai ɗaki uku wanda babu ƙofar da ke ƙara a ciki. Matarsa ba ta son zuwa gidanmu. Ta taɓa gaya mini a fuskata cewa in ta zauna a falon nan abinci ba ya wuce mata, saboda yadda muke yi wa mijinta. Na ce mata ai wasa ne na 'yan gida. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Shi kin taɓa ganin ya yi dariya?" Na ji haushinta sosai, har na yi wata biyu ba na gaishe ta.

Babban Yaya yana can nesa, wayarsa sau ɗaya a wata, minti uku, Baba ya yi sati yana ba da labarinta. Auta kuwa ya kawo digirinsa aka rataya a ƙusa ta huɗu, ya yi shekara huɗu yana yawo da ambulan ofis-ofis har takalminsa ya huje. Baba ya ce ai digiri ɗaya ne bai isa ba, ya koma ya ƙaro na biyu. Ya ƙaro, ya dawo, aiki shiru. A ƙarshe yayan nan nawa ne ya sa baki aka ɗauke shi a kamfaninsu, yana duba murafu a kan bel ɗin da ke fito da su daga inji yana ware masu aibi. Baba yana gaya wa mutane wai Auta yana ɗan taimaka musu da ilimi kafin ya samu wurin da ya dace da shi. Takardar digiri na biyun kuma tana cikin durowa, domin Baba ya ce ƙusa ta biyar za ta ɓata layi.

Shekara ashirin da biyu da fara aiki, yayana ya zauna jarrabawar ƙarshe ta sana'arsu, wadda ba a wuce ta. Kwana uku ana ba shi zane yana fitar da ƙarfe, ana aunawa. Ya ci. Aka ba shi takardar shaida mai hatimi, kamfani kuma ya ɗora shi a kan ɗakin nan gaba ɗaya, da injinan da mutanen. Abin da Baba ya daɗe yana faɗa da ba'a ya tabbata, ya zama ƙusa a kamfaninsu.

Ya kira ni a waya, muryarsa kamar ta yaro. "Malama, ki auna mini firam ɗinki na bango, tsawo da faɗi." Na auna da rula na gaya masa. Bai yarda da awona ba, washegari da rana ya zo lokacin Baba yana barci, ya auna da kansa sau biyu. Ya ce takardarsa ba ta kai tamu girma ba, amma zai yi firam ɗin daidai da namu, ya sa farin kwali a baya, don layin ya tafi bai ɗaya.

"Kina ganin zai karɓa?" ya tambaye ni.

Na san Baba fiye da yadda ya san shi. Kalma biyu kawai zan faɗa, kada ka. Amma na kalli takardata a bango, wadda ban taɓa yin wani abin kirki da ita ba sai koyar da darasi ɗaya shekara goma sha biyar, na ji in tasa ta hau, tawa ta zama takarda kawai. Sai na ce, "Zai yi kyau, Yaya."

Sati uku ya yi yana ƙera firam ɗin a lokacin hutun cin abinci, da ragowar farin ƙarfe da ya nemi izini aka ba shi. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Kusurwoyin sun haɗu ba ka ganin layin haɗin, ko farce ba ya kama shi. Babu noti ko ɗaya a waje. A baya ya yi wani ɗan maɓalli, in ka danna da yatsa ɗaya sai bayan ya buɗe. Ya ce saboda hannun Baba ya fara rawa, in yana so ya goge gilashin ta ciki kada ya wahala.

Ranar Asabar bayan azahar ya zo, da sabuwar riga, da matarsa da 'yan matansa. Ya goge hannunsa har ya yi ja, amma baƙin ƙarƙashin farce yana nan. Ni da Auta da Mama muna falo. Ya durƙusa a wurin da ya durƙusa shekara ashirin da biyu da suka wuce, ya miƙa da hannu biyu.

Baba ya karɓa. Ya juya shi, ya shafa gefen da yatsa, ya ɗaga shi wajen haske yana neman inda aka haɗa.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni na yi, Baba."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Lallai ka iya," Baba ya ce. "Wallahi ka iya."

Ban taɓa jin Baba ya yabe shi ba sai ranar. Yayana ya sunkuyar da kai. Matarsa ma ta saki fuska. Murna ta sa ya matso ya ce, "Baba, ka ga nan, in ka danna sai ya buɗe." Baba ya danna, ya buɗe. Ya zaro takardar, ya gyara tabarau, ya karanta ta tun daga sama har sa hannun ƙasa, bai tsallake layi ba.

"Wace jami'a ce ta bayar?"

"Ba jami'a ba ce, Baba. Hukumar jarrabawar sana'a ce. Ita ce ta ƙarshe, babu wata a samanta."

"To," Baba ya ce. Ya ajiye ta a kan tebur, ya zare farin kwalin ma ya ajiye. "Auta, je durowata ka ɗauko mini takardarka ta biyu."

Auta ya kalli yayansa, wanda ranar Litinin shi zai sa hannu a takardar aikinsa. Ya kalli Baba. Ya tashi ya ɗauko.

Ta shiga cif. Ta yaya ba za ta shiga ba, mutumin da ya auna ba ya kuskuren gashi ɗaya? Baba ya danna maɓallin ya rufe, ya riƙe firam ɗin nesa da fuskarsa yana kallo. "Kun gani? Kamar don ita aka yi."

Mama ta ce, "Haba, Malam. Haba!"

"Me na yi? Na yaba aikinsa ko ban yaba ba? Firam irin wannan ai sai takarda mai nauyi." Ya miƙo mini. "Ke, kin fi ni tsawon hannu, rataya mini a ta biyu."

Zan so in ce muku na ƙi. Na karɓa, na tako, na rataya. Ƙarfen yana da sanyi da santsi, kuma ya zauna a kan ƙusar nan take, don har kaurin kan ƙusar ya auna.

Matarsa ta miƙe. Ta ɗauki takardar daga kan tebur, ta kama hannun 'ya'yanta, ta fita ba sallama. Shi yana nan durƙushe yana kallon bango. Can ya tashi ya nufi wurin. Na ja baya. Na ce a raina yau za a fasa gilashi a gidan nan, kuma har ga Allah so nake ya fasa, ya haɗa da nawa, ya zage mu tas mu huta. Ya tsaya gaban firam ɗin, ya ɗaga hannu, ya sa yatsa biyu a kusurwar ƙasa ya tura kaɗan. Ya ja baya ya duba, ya sake taɓawa.

"Ya karkace ne," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba. "Kamar gashi uku."

"Yauwa," Baba ya ce. "Ka ga amfaninka ke nan. Kafin ka tafi ka duba famfon baya, tun jiya yake ɗiga."

Ya naɗe hannun sabuwar rigarsa ya wuce baya. Muna zaune muna jin ƙarar sifana a jikin famfo, babu mai kallon wani. Da ya gama ya wanke hannu, ya yi wa Baba da Mama sallama kamar kullum. Na bi shi har ƙofa na ce, "Yaya." Ya tsaya yana jira in ƙarasa. Ya ce, "Ki gaya wa Mama kada a matse famfon da ƙarfi, robar sabuwa ce."

Yau shekara biyu ke nan. Har yanzu yana zuwa in abu ya lalace, shi kaɗai, matarsa da 'ya'yansa ba su sake taka gidan ba. Na daina kiransa Ƙusa, kowa ma ya daina, sunan ya rasa abin da zai rataya a kai. Baƙi suna shigowa su ƙirga firam huɗu, su san 'ya'ya huɗu ne, su ce, "Ma sha Allah, Malam, duka sun yi karatu!" Baba ya ce alhamdulillahi. Babu mai karanta sunayen da ke ciki, babu kuma mai tambayar na biyun.

Satin da ya wuce wani tsohon abokin aikin Baba ya zo gaishe shi. Ina zuba masa ruwa ya tashi ya matsa jikin bango, ya shafa gefen farin ƙarfen nan da yatsa.

"Kai, wannan firam ya fita daban. A ina ka sayo shi?"

Baba ya ce, "Wani lebura ne ya yi mini."

Ina tsaye da jug a hannu. Na cika masa kofin, na tambaye shi ko a ƙaro ƙanƙara.